Dashen Rai a Wasu Duniyoyi: Ya Dace a Shuka Gonar da Ba a Zagaya Ba?

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan yi wa kainuwa kirari da cewa "kainuwa dashen Allah", domin babu wanda ya haƙa mata rami, babu wanda ya yi mata ban-ruwa, sai dai a wayi gari a tarar ta rufe tafki. Duk wani abu mai rai da muka sani irin wannan dashe ne, babu hannun ɗan'adam a farkonsa. To amma cikin shekaru hamsin da suka wuce, wasu masana kimiyya sun fito da wata shawara mai ɗaure kai. Cewa suka yi, tunda mun iya harba kumbo, me zai hana mu ɗebi ƙwayoyin halitta mu aika da su wasu duniyoyi da gangan, domin rai ya tsiro a can kamar yadda ya tsiro a nan?

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai asalin wannan shawara, da hujjojin masu goyon bayanta, da na masu adawa da ita, sannan in faɗi inda na karkata. Abin da na fi son mu lura da shi shi ne bambancin tambayoyi biyu: "za mu iya?" da kuma "ya dace?" Ta farko ta injiniyoyi ce. Ta biyu kuwa ta kowa da kowa ce, saboda haka ya kamata a iya tattauna ta da kowane harshe, har da Hausa.

2.0 Kalmomin Da Za Mu Yi Aiki Da Su

Mu da muka koyi Hausa a aji mun san cewa kalma ɗaya kan ɗauki kaya da yawa, don haka bari in fara tantance wasu kalmomi.

Duniya: a nan tana nufin duk wani dunƙule babba da ke kewaya tauraro, kamar yadda tamu ke kewaya rana. Idan ina nufin wadda muke ciki zan ce "duniyarmu". Rana ita ma tauraro ce, kusancinta ne ya sa muke ganin ta da girma.

Rai: shi ne abin da ya raba kaza da dutse. Ya bambanta da rayuwa, wadda ke nufin zaman da mai rai yake yi.

Ƙwayoyin halitta: ƙananan masu rai irin su bakteriya, waɗanda ba a ganin su sai da madubin likita.

Fansfamiya: kalma ce da ta samo asali daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin "duka", ɗaya na nufin "iri". Ra'ayi ne da ke cewa irin rai yana iya tafiya daga wata duniya zuwa wata. Idan da gangan aka tura irin, shi ne nake kira "dashen rai".

Manomin Hausa yana da kalmomi da dama a wannan fage. Akwai shuka, akwai dashe, akwai yafi, akwai kuma binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a jira damina. A gaskiya binne ce ta fi kama da abin da masanan ke nufi, domin za a aika iri ne inda ba a da tabbacin zai samu laima. Sai dai mai binne yakan koma gonarsa ya yi noman firi, ya yi maimai, ya yi girbi. Mai dashen rai kuwa ba zai taɓa komawa ba. Mu riƙe wannan bambanci, za mu buƙace shi a gaba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Ra'ayin

A farkon ƙarni na 20, Svante Arrhenius, masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, ya kawo ra'ayin cewa hasken taurari zai iya tura ƙananan ƙwayoyin halitta daga wata duniya zuwa wata. A wurinsa abin yana faruwa ne da kansa, babu mai aikowa.

A shekarar 1973 ne Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano siffar DNA, tare da abokin aikinsa Leslie Orgel, suka buga wata maƙala a mujallar Icarus inda suka ƙara wani mataki. Suka ce mai yiwuwa ne wasu halittu masu wayo daga wata duniya su ne suka aiko da irin rai zuwa duniyarmu cikin kumbo. Ba su ce sun tabbatar ba, kuma har yau babu wata shaida da ta tabbatar da hakan. Abin sha'awa shi ne, a cikin maƙalar nan sun yi gargaɗi cewa kada mu ma mu yi garajen yin haka ga wasu duniyoyi kafin mu ƙara sani.

Daga nan tambayar ta juya. A 1979, Michael Mautner da Gregory Matloff suka rubuta yadda ɗan'adam da kansa zai iya tura ƙwayoyin halitta zuwa taurarin da ke kusa, ta hanyar kumbo mai faffaɗan mayafi wanda hasken rana ke turawa kamar yadda iska ke tura jirgin ruwa. A 2016 kuma, Claudius Gros na Jami'ar Goethe da ke Farankfot a ƙasar Jamus ya gabatar da wani tsari da ya kira Genesis. A tsarinsa, kumbo mai sarrafa kansa zai je wata duniya, ya bincika, in ya ga babu rai sai ya haɗa ƙwayoyin halitta a ɗan ƙaramin ɗakin gwajin da ke cikinsa, ya yafa su.

4.0 Shin Abin Zai Yiwu?

Wani zai ce ai wannan tatsuniya ce. Akwai dalilai uku da suka sa ba na ɗaukar ta haka.

Na farko, an gano gonakin. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke kewaya wani tauraro mai kama da rana. Zuwa shekarar 2025, hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar da irin waɗannan duniyoyi fiye da 6,000.

Na biyu, irin yana da taurin rai. Ƙwayoyin bakteriyar da ake kira Bacillus subtilis sun yi kusan shekara shida a sararin samaniya a jikin wani tauraron ɗan'adam, daga 1984 zuwa 1990, aka dawo da su wasu suna da rai. A 2007 an bar wasu ƙananan halittu masu ƙafa takwas da ake kira tadigired a fili cikin sararin samaniya har kwana goma, babu iska babu ruwa, wasunsu suka farfaɗo. Masanan Japan kuma sun manna dunƙulen wata bakteriya a bayan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa daga 2015 zuwa 2018, suka tarar waɗanda ke tsakiyar dunƙulen ba su mutu ba.

Na uku, nisa ne kawai babban shinge, shi ma ga taurari ne. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kan yi shekara 4.2 kafin ya iso mu daga can. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, amma da can ya nufa sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Sai dai duniyar Mas, wadda ake yi wa laƙabi da jar duniya, tafiyar wata bakwai zuwa tara ce, kuma kumbuna suna sauka a kanta tun shekarun 1970. Ke nan aika ƙwayoyin halitta zuwa maƙwabta abu ne da fasahar yau za ta iya.

5.0 Hujjojin Masu Goyon Baya

Hujjarsu ta farko ita ce kada a zuba dukkan iri a rumbu ɗaya. Har yau duniyarmu ce kaɗai wurin da aka tabbatar akwai rai. Masana sun ƙiyasta cewa nan da kimanin shekara biliyan ɗaya zafin rana zai ƙaru har tekuna su fara ƙafewa. Idan babu rai a ko'ina sai nan, to ranar da duniyarmu ta mutu komai ya mutu. A ganin Mautner, duk mai rai ɗan'uwanmu ne, tunda tushenmu ɗaya, kuma mu kaɗai ne cikin dangin muka iya ƙera kumbo, saboda haka nauyin ci gaban zuriyar yana wuyanmu.

Hujja ta biyu ita ce duniya mai rai ta fi busasshen dutse daraja. Wanda ya mayar da faƙo gona ba ɓarna ya yi ba. Gros ya ƙara da cewa akwai duniyoyin da za su iya riƙe rai na wani lokaci kawai, wanda ba zai isa rai ya faro da kansa ya bunƙasa ba. Idan aka ba su iri, an rage musu doguwar hanya.

Hujja ta uku ita ce ta lokaci. Suna cewa babu wanda ya san tsawon zamanin da ɗan'adam zai yi yana da irin wannan fasaha. Yaƙi ko annoba na iya mayar da mu baya. Don haka a yi shuka tun da sauran damina.

Waɗannan hujjoji ba na banza ba ne, kuma masu su ba mahaukata ba ne. Sai dai akwai abin da ke ɗaya gefen sikelin.

6.0 Hujjojin Masu Adawa

6.1 Wataƙila gonar tana da mai ita

Carl Sagan, a littafinsa Cosmos na 1980, ya nuna cewa idan akwai rai a duniyar Mas, ko da ƙwayoyin halitta ne kawai, to duniyar tasu ce, kada mu taɓa ta. Matsalar ita ce tabbatar da cewa wuri ba shi da rai abu ne mai wuyar gaske. Mu ɗauki duniyarmu misali. Akwai shaidar rai a cikinta tun aƙalla shekara biliyan 3.5 da suka wuce, amma iskar oksijin ba ta fara taruwa a sararinta ba sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Ke nan ta yi fiye da shekara biliyan ɗaya tana ɗauke da rai ba tare da babbar alamar da mai hange daga nesa zai nema ba. Da wani ya leƙo mu a lokacin, da zai iya cewa kango ne, ya zuba nasa irin a kan kakanninmu.

Tarihi ma ya nuna mana abin da baƙon iri ke yi. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a Ostireliya domin farauta. Da tafiya ta yi tafiya suka mamaye ƙasar, suka cinye ciyayi, har gwamnati ta gina shinge mai tsawon dubban kilomita, bai tsayar da su ba. A nan gida kuma, a 1906 an kawo wani nau'in kwakwa da ake kira nipa daga Singafo zuwa Kalaba. Yau ta bazu a gaɓar Neja Dalta tana korar itatuwan bakin ruwa na asali, inda kifi ke hayayyafa. Waɗanda suka kawo ta ba da mugun nufi suka yi ba. Idan haka ta faru tsakanin ƙasashen da ke cikin duniya ɗaya, wadda muka san ƙasarta da ruwanta, ina ga duniyar da ba mu taɓa takawa ba?

6.2 Za mu iya ƙona littafin kafin mu karanta

Duk masu rai da muka sani, daga bakteriya zuwa giwa, tsarin gadonsu iri ɗaya ne. A idon kimiyya, misali ɗaya tak muke da shi na rai. Ɗalibin harshe zai fahimci wannan da sauri: wanda bai taɓa jin wani harshe ba sai nasa, ba zai iya bambance abin da yake dokar dukkan harsuna da abin da yake al'adar harshensa kawai ba. Samun rai na biyu, wanda ya faro da kansa a wata duniya, shi ne zai zama harshe na biyu. Idan muka cakuɗa wurin da ƙwayoyinmu, duk abin da muka tono daga baya sai mu riƙa shakkar ko namu ne.

Wannan ba zancen nesa ba ne. A watan Satumba na 2025, NASA ta sanar cewa wani dutse da motar bincike ta Perseverance ta samu a duniyar Mas a 2024 yana ɗauke da alamun da za su iya kasancewa na tsohon rai. Ba a tabbatar ba, domin akwai hanyoyin da sinadarai kan bar irin wannan alama ba tare da rai ba. Amma tambayar a buɗe take. Shi ya sa Christopher McKay, wani masani na NASA, ya ba da shawara a 2009 cewa duk binciken da za a yi a Mas ya zama irin wanda za a iya kwashe ƙwayoyin da aka kai idan buƙata ta taso.

6.3 Wahalar waɗanda ba a haifa ba

Wannan hujja ta fito ne daga masana falsafa, irin su Gary O'Brien da Oskari Sivula, waɗanda suka yi rubutu a kanta a 2022. Bakteriya ba ta jin zafi. To amma idan dashen ya kama, bayan miliyoyin shekaru za a iya samun dabbobi masu jin yunwa da tsoro da ciwo. A dawa, yawancin dabbobi kan haifi 'ya'ya masu ɗimbin yawa, kaɗan ne ke girma, sauran kuwa yunwa ko cuta ko bakin wata dabba ke cinye su. Wanda ya dasa rai ya dasa wannan duka, kuma ba zai kasance a wurin ba balle ya kawo ɗauki. Hausawa na cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. A nan wani ne zai shuka, wasu dabam su girba, kuma ba a shawarce su ba. Ba dole ne mutum ya yarda cewa wahalar dawa ta fi daɗinta yawa ba, amma dole ya yarda cewa tambaya ce da ba a amsa ba.

6.4 Wa ya ba da izini?

A watan Afrilu na 2019, kumbon Beresheet na wata ƙungiya mai zaman kanta ta Isra'ila ya faɗi ya tarwatse a kan wata. Sai a watan Agusta shugaban wata gidauniya ta Amurka, wadda ta saka kaya a cikin kumbon, ya bayyana cewa akwai busassun tadigired a cikin kayan. Babu mai tsammanin za su rayu a kan wata, tunda babu iska babu ruwa mai gudana. Darasin shi ne, 'yan mutane kaɗan sun iya fitar da masu rai daga duniyarmu ba tare da duniya ta sani ba. Yanzu da kamfanoni masu zaman kansu ke harba kumbo, wannan ƙofa sai ƙara faɗi take yi.

7.0 Abin Da Doka Ta Tanada

Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967, wadda fiye da ƙasashe 110 suka amince da ita, ta ce a sashe na 9 ƙasashe su guji gurɓata wata da sauran duniyoyi ta hanya mai cutarwa. Kwamitin binciken sararin samaniya na COSPAR, wanda aka kafa a 1958, shi ke tsara ƙa'idojin tsabtace kumbo. Kumbunan Viking biyu da suka sauka a Mas a 1976 sai da aka gasa su a zafin da ya haura digiri 110 na fiye da yini guda kafin a harba su. A 2003 an tura kumbon Galileo ya ƙone a cikin duniyar Mushtari, wato Jufita, don kada ya faɗa kan Europa, wani watanta da ake kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa. Haka aka yi wa kumbon Cassini a 2017 a duniyar Zuhalu mai zobe, domin kare watanninta Enceladus da Titan.

Sai dai ƙa'idojin COSPAR shawara ce da ƙasashe ke bi don ganin damarsu, babu kotun da ke hukunta wanda ya karya. Kuma an tsara su ne domin hana gurɓatawa bisa kuskure. Ba su yi tanadi sosai ga wanda zai yi da gangan, yana ganin alheri yake yi ba.

8.0 Inda Na Karkata

A ganina, a dakata. Dalilina kuwa shi ne asarar jira da asarar gaggawa ba su yi daidai ba. Idan muka jira shekara ɗari ko ɗari biyu, me muka rasa? Tafiyar kanta ta dubban shekaru ce, bunƙasar rai kuma ta biliyoyin shekaru. Jinkirin ƙarni biyu a cikin wannan lissafi bai kai ƙwayar gero a cikin buhu ba. Idan kuwa muka yi gaggawa muka yi kuskure, babu gyara. Magana zarar bunu ce, haka ma ƙwayar halitta: in ta fita ta hayayyafa, babu mai mayar da ita.

Hujjar masu cewa damina na iya wucewa ita ce ta fi ƙarfi, ban raina ta ba. Amma idan tsoronmu shi ne ɗan'adam zai hallaka kansa, maganin da ya fi kusa shi ne mu kashe wutar da ke cin gidanmu. Kuma mutanen da ba su amince da kansu su riƙe duniya ɗaya ba, da wace hujja za su amince da hukuncinsu a kan dubban duniyoyi?

Ban ce har abada ba. Na ce sai an cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a zagaya gonar: a samu hanyar bincike da za ta iya nuna babu rai a wuri, har ƙarƙashin ƙasa da ƙanƙara. Na biyu, a fara gama binciken maƙwabta, wato Mas da Europa da Enceladus, domin amsar da za su ba mu za ta sauya lissafin duka. Idan rai ya faro da kansa sau biyu a kewayen rana ɗaya, to alama ce sararin samaniya ba ya buƙatar irinmu. Na uku, hukuncin ya zama na al'ummar duniya, a fili, ba na attajiri ɗaya ko ƙasa ɗaya ba. Aikin da za a yi da sunan dukkan masu rai bai kamata a yanke shi da harsuna biyu ko uku kawai ba.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi ra'ayin dashen rai daga Arrhenius zuwa Gros, ta nuna cewa fasahar yin sa a maƙwabta ta riga ta samu, ta kuma auna hujjojin ɓangarorin biyu. Masu goyon baya suna tsoron rai ya ƙare. Masu adawa suna tsoron a kashe wani rai, ko a ɓatar da ilimi, ko a haifar da wahala. Tsoro na farko yana da sauran lokaci mai tsawo, na biyu kuwa kumbo ɗaya ya isa ya tabbatar da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga masu son ƙarin nazari, ga ayyuka uku. Na farko, a rubuta sakin layi ɗaya da ke kare ra'ayin Mautner, a yi amfani da "ya kamata", "ya wajaba" da "ya dace", a kuma bayyana bambancin nauyinsu. Na biyu, a nemo karin magana biyu da ke yabon gaggawa da biyu da ke yabon haƙuri, a ga wanne ya fi dacewa da wannan batu. Na uku, wanda bai gamsu da "dashen rai" ba ya ƙirƙiro tasa kalmar, ya kawo hujjarsa, mu tattauna a fitowa ta gaba.